Za mu iya ganin abin da hukumomi ke tattaunawa da kamfanonin fasaha a bayan ƙofa?

"Assalamu alaikum. Ni mai sayar da kati da data ne a Kaduna. Da aka ƙara kuɗin kira da na data a farkon 2025, mun ji an ce hukumar sadarwa ta NCC ta zauna da kamfanoni kafin ta amince. Haka lokacin da aka buɗe Twitter aka ce an yi yarjejeniya, amma ban taɓa ganin wanda ya karanta ta ba. Ni ba lauya ba ne, ba ɗan jarida ba ne. Ina da ikon in nemi a nuna mini rubutaccen abin da aka faɗa a irin wannan zama? In ina da shi, ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ɗaya ce a baki, amma abu biyu ne a cikinta. Na farko, ko doka ta ba ka damar neman takardun. Na biyu, ko akwai ma takardun da za a ba ka. Amsar ta farko ita ce e, kana da wannan iko, kuma ba sai ka zama lauya ko ɗan jarida ba. Ta biyun ce mai wuya, kuma a shekarun da na yi ina rubuta wa hukumomi irin waɗannan wasiƙu, a nan na ga an fi kayar da masu nema.

Zama tsakanin hukumar sa ido da kamfani ba laifi ba ne. Hukumar da za ta yanke farashin data dole ta ji daga bakin kamfani nawa yake kashewa a man dizal na turakun sadarwa, nawa faɗuwar naira ta ƙara masa a kayan da yake sayowa da dala. Waɗannan alƙaluma a hannun kamfanin suke. Matsalar ita ce kamfani yana da ma'aikatan da ba su da wani aiki sai shiga da fita ofisoshin gwamnati, kai kuwa da za ka biya sabon farashin ba ka da kowa a ɗakin. Kamar alƙali ne ya keɓe da ɗaya daga cikin masu shari'a a zaurensa da daddare, gobe ya fito ya yanke hukunci. Ko da hukuncin na gaskiya ne, ɗaya ɓangaren yana da haƙƙin ya san me aka faɗa a zauren, don ya samu damar ƙaryata abin da ba daidai ba.

Kuma abin da ake yankewa a waɗannan zama ba ƙarami ba ne. A watan Oktoba na 2015 NCC ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda ƙin yanke layuka sama da miliyan 5 da ba a yi musu rajista yadda ya kamata ba, naira 200,000 a kan kowane layi. Bayan watanni ana tattaunawa, a watan Yuni na 2016 aka daidaita a kan naira biliyan 330, a biya cikin shekara uku. Wataƙila ragin nan shi ne abin da ya fi dacewa da ƙasa, don ba wanda zai amfana da durƙusar da kamfanin da ya fi kowa yawan layuka. Amma fiye da naira biliyan 700 aka sauke, kuma a wajen tattaunawa aka sauke su. Wanda yake son ya gamsu cewa an yi daidai, sai ya ga hujjojin da kowane ɓangare ya kawo.

Batun Twitter da ka ambata ya fi fitowa fili. Gwamnati ta dakatar da shi a farkon watan Yuni na 2021, ta ɗage dakatarwar ranar 13 ga Janairu, 2022. Shugaban hukumar bunƙasa fasahar zamani ta NITDA, Kashifu Inuwa Abdullahi, wanda ya jagoranci kwamitin ƙwararru na tattaunawar, ya fitar da sanarwa cewa kamfanin ya amince zai yi rajista a Najeriya, zai naɗa wakili, zai biya haraji. Sanarwa aka ba mu, ba a ba mu yarjejeniyar ba. Ƙungiyar SERAP, mai fafutukar kare haƙƙin jama'a da bin diddigin gwamnati, ta nemi kwafi, ba ta samu ba, ta tafi kotu. Sai a 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ba da umarnin a ba ta, bayan ta ƙi karɓar hujjar cewa fitar da takardar zai cutar da kasuwancin kamfanin. Ka lura da tazarar: sama da shekara biyu, kuma ƙungiya ce mai lauyoyinta.

Abin da doka ta ba ka

Makaminka shi ne Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011. Sashe na 1 ya ce kowa na iya neman bayanin da ke hannun hukumar gwamnati, kuma ba sai ya nuna wani dalili na musamman da ya sa yake nema ba. Wannan jimlar ka riƙe ta da kyau, domin tambaya ta farko da za a yi maka a ofis ita ce, "Me za ka yi da shi?" Ba dole ka amsa ba. Sashe na 4 ya ba hukuma kwana 7 ta ba ka bayanin ko ta rubuto maka dalilin hanawa, tare da sashen dokar da ta dogara da shi. Tana iya ƙarin wasu kwana 7 idan takardun suna da yawa ko sai ta tuntuɓi wani. In ta yi shiru har lokacin ya wuce, doka ta ɗauki shirun a matsayin hanawa, kuma kana da kwana 30 ka kai ƙara. A kotu, nauyin kawo hujja a kan hukuma yake: ita za ta tabbatar cewa tana da ikon hanawa. In aka tabbatar an hana ka ba bisa ƙa'ida ba, akwai tarar naira 500,000. Jami'in da ya lalata takarda ko ya sauya ta da gangan kafin ya miƙa, ɗaurin aƙalla shekara ɗaya ne. Kuɗin da za a caje ka bai wuce na buga kwafi ba. Wanda bai iya rubutu ba, wani na iya nema masa.

Akwai kuma wani tanadi da jami'ai da yawa ba sa son a tuna musu. Buga tambarin "sirri" a kan fayil, ko fakewa da tsohuwar Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, bai isa shi kaɗai ya hana fitar da takarda ba. Sai abin da ke cikinta ya faɗa ƙarƙashin ɗaya daga cikin keɓance-keɓancen da sabuwar dokar ta lissafa. NCC, NITDA, hukumar kare bayanan jama'a ta NDPC, hukumar kare masu saye ta FCCPC da Babban Banki duk hukumomin tarayya ne, dokar ta hau kansu kai tsaye.

Keɓancen da za ka fi cin karo da shi a wannan fanni shi ne sashe na 15, wanda ya kare sirrin kasuwanci da bayanan kuɗi na wani ɓangare na uku, wato a nan kamfanin da ya miƙa bayanin, da kuma abin da fitar da shi zai iya dagula cinikin da wannan ɓangare ke yi. Ba na raina wannan kariya. In MTN ta miƙa wa hukuma lissafin abin da take kashewa a kowane turke, ba adalci ba ne Airtel ta aiko wani ya karɓo mata shi da wasiƙa ɗaya. Kuma in kamfanoni suka san duk abin da suka miƙa zai fita, za su daina miƙa gaskiya. Haka sashe na 12, mai kare binciken da ake kan yi: muddin hukuma na tsakiyar binciken kamfani, tana da hujjar riƙe wasu takardu. FCCPC ta shafe fiye da shekara uku tana binciken Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp, kafin ta ci ta tarar dala miliyan 220 a watan Yuli na 2024, kuma ba wanda zai ce ta riƙa buga kowace wasiƙa tun ana cikin binciken.

Inda nake jayayya shi ne yadda ake shimfiɗa waɗannan sassa su rufe komai. Ranar da aka yi zama ba sirrin kasuwanci ba ce. Sunan kamfanin da muƙaman waɗanda suka halarta ba sirrin kasuwanci ba ne. Batun da aka tattauna, da abin da kamfanin ya roƙi hukuma ta yi ko ta bari, ba sirrin kasuwanci ba ne, domin roƙo ne a kan dokar da za ta hau kan kowa. Sashe na 18 ya yi maganin wannan: idan wani yanki na takarda ya cancanci kariya, a rufe shi, a ba ka sauran. Na sha karɓar amsa mai layi biyu da ke cewa duka fayil ɗin ya ƙunshi bayanan ɓangare na uku. Na taɓa samun wata takarda daga wata hukuma bayan mun matsa, shafi huɗu ce, an shafe jadawalin kuɗi guda ɗaya da baƙin alƙalami, sauran duk gaisuwa ne da jerin buƙatun kamfanin. Wannan jadawali ɗaya aka yi watanni ana fakewa da shi.

Inda gizo ke saƙa

Doka tana ba ka takardar da ke akwai. Ba ta ƙirƙiro wadda ba a rubuta ba. Gaskiya ne sashe na 2 ya wajabta wa kowace hukuma ta rubuta ta kuma adana bayanan ayyukanta. Amma bai fayyace cewa duk zaman da shugaban hukuma ya yi da kamfani sai an rubuta wa ya zo da abin da ya nema ba, bai kuma sa ranar da za a buga shi ba. Saboda haka zaman da ya fi tasiri shi ne wanda ba shi da fayil: ziyarar ban girma da ake ɗaukar hoto a sa a Facebook da jimla ɗaya, ganawa a gefen wani taro a Dubai ko Barcelona, cin abincin dare, kiran waya, saƙon WhatsApp. In ka rubuta kana neman bayanin irin wannan, za a amsa maka cewa babu shi a ajiye, kuma mai amsawar bai yi ƙarya ba.

Wannan ba ciwon Najeriya kaɗai ba ne. Mark Zuckerberg, shugaban Facebook, ya gana da Matt Hancock, ministan Birtaniya da ke kula da harkokin intanet a lokacin, a birnin Paris cikin watan Mayu na 2018, makonni kaɗan bayan fallasar Cambridge Analytica, kamfanin da ya kwashi bayanan miliyoyin masu amfani da Facebook ba da izininsu ba, a daidai lokacin da Zuckerberg yake ƙin bayyana gaban kwamitin majalisar Birtaniya. Wata cibiyar 'yan jarida masu bincike ta shafe kimanin shekara biyu tana neman bayanin zaman, har sai da kwamishinan bayanai na ƙasar ya tilasta wa ma'aikatar ta fitar da shi a ƙarshen 2020. Takardar ta nuna Zuckerberg ya yi ƙorafin cewa gwamnati na adawa da kamfanonin fasaha, ya kuma nuna zai iya kai jarinsa wata ƙasa, ministan kuwa ya nuna a shirye yake a sassauta harshe. Abu biyu suka sa wannan ya fito: wani ma'aikaci ya zauna a ɗakin ya rubuta, sannan akwai ofishi mai zaman kansa da zai iya ba ma'aikata umarni ba tare da an je kotu ba. Mu ba mu da irin wannan ofishi. Ghana ta kafa nata a ƙarƙashin dokarta ta 2019. A nan, daga hukumar da ta hana ka sai gaban alƙali, kuma wannan shi ke karya gwiwar talaka.

Inda ba a rubuta ba kuwa, sai dai a jira wani na ciki ya tona. Takardun Uber, kamfanin manhajar kiran motar haya, sama da 124,000 da jaridar Guardian da abokan aikinta suka fallasa a 2022 sun nuna yadda shugabannin kamfanin suka riƙa tuntuɓar manyan jami'an Turai kai tsaye, ciki har da Emmanuel Macron lokacin yana ministan tattalin arzikin Faransa. Tsohon babban mai kamun ƙafa na kamfanin ne ya fitar da su. A watan Mayu na 2025 kuma kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa Hukumar Tarayyar ba ta ba da gamsasshen bayani ba da ta ce ba ta riƙe da saƙonnin wayar da shugabarta, Ursula von der Leyen, ta yi musaya da shugaban Pfizer. Kamfanin magani ne wannan, amma darasin ya shafe mu: hukuma ba za ta ce "babu" kawai ta yi shiru ba, sai ta faɗi inda ta duba da abin da ya faru da saƙon.

Tsarin da na fi so a kwaikwaya shi ne na hukumar sadarwa ta Amurka, FCC. A yawancin batutuwan da take shirin yanke doka a kansu, duk wanda ya gana da jami'anta don ya ja ra'ayinsu, shi da kansa zai shigar da taƙaitaccen bayanin abin da ya faɗa da sunayen waɗanda suka halarta, galibi cikin kwana biyu na aiki, a fayil ɗin da kowa ke iya buɗewa a intanet. Nauyin yana kan mai kamun ƙafar, kuma abokin hamayyarsa zai karanta ya mayar da martani kafin a yanke hukunci. Hukumar Tarayyar Turai ma tun ƙarshen 2014 kwamishinoninta da manyan daraktocinta suke buga jerin ganawarsu da masu kamun ƙafa, daga farkon 2025 kuma aka faɗaɗa abin zuwa sauran shugabannin sassa, har da taƙaitaccen bayanin zama. Waɗannan tsare-tsare suna da ramuka, sau da yawa bayanin layi ɗaya ne marar gishiri. Duk da haka, sanin cewa kamfani kaza ya shiga sau ashirin, ƙungiyar masu saye sau ɗaya, shi kansa labari ne. NCC ko NITDA za su iya kafa irin wannan ƙa'ida a cikin gida ba tare da sun jira majalisa ba, kuma a ganina wannan ne abin da ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa irinku su riƙa nema da babbar murya.

Yadda za ka rubuta

Kada ka yi tambaya, ka nemi takarda. Wasiƙar da ta ce "me ya sa kuka ƙara kuɗin data" za ta samu amsar da jami'in hulɗa da jama'a ya saba bayarwa. Wadda ta ambaci takardu da sunansu da tsakanin ranakun da ake nufi ita ce ke da wuyar kaucewa. A batunka, NCC ta sanar a watan Janairu na 2025 cewa ta amince da ƙarin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, bayan kamfanoni sun nemi kimanin ninki. To sai ka nemi jerin ganawar da hukumar ta yi da kamfanonin sadarwa ko ƙungiyoyinsu a kan farashi daga, misali, farkon 2024 zuwa ƙarshen Janairu 2025, da ranaku da muƙaman mahalarta. Ka nemi takardun gayyata, da ajandar zama, da rubutaccen bayanin kowane zama, da wasiƙun da kamfanonin suka aiko suna neman ƙarin, da rahoton nazarin kuɗin gudanarwa da aka dogara da shi. Ka raba su lamba-lamba, yadda in an hana ɗaya ba za a haɗa da sauran ba.

Jimla biyu nake ƙarawa a ƙarshen kowace wasiƙa. Ta farko: idan wani yanki ya cancanci kariya, a rufe shi a ba ni sauran kamar yadda sashe na 18 ya tanada. Ta biyu: idan babu rubutaccen bayanin wani zama, a tabbatar mini da haka a rubuce. Ta biyun nan tana da amfani fiye da yadda ake zato. Hukumar da ta sa hannu cewa ta zauna da kamfanoni a kan farashin da miliyoyin mutane za su biya amma ba ta rubuta komai ba, ta ba ka abin da za ka kai wa ɗan majalisarka ko gidan rediyo.

Ka rubuta zuwa ga shugaban hukumar, da Turanci, domin da shi ofisoshin tarayya ke aiki, ka sa sunan dokar a kan wasiƙar. Ka buga kwafi biyu. Ka kai sashen karɓar wasiƙu, ka tsaya har akawu ya buga tambarin karɓa da kwanan wata ya sa hannu a kan naka kwafin. Kada ka yarda da "ajiye a nan, za mu kai". Wannan tambari shi ne farkon ƙidayar kwana 7, kuma shi ne abin da alƙali zai fara dubawa. In ba za ka iya zuwa Abuja ba, ka aika ta kamfanin kai saƙo mai ba da shaidar isarwa, ka adana rasit. In hukumar ta ga wata ce ta fi dacewa da buƙatarka, doka ta ce ta tura mata ta kuma sanar da kai.

Abin da ya fi cin mutane shi ne kwana 30 ɗin nan. Za a kira ka a waya a ce ana kan aiki, shugaba ya yi tafiya, ka ƙara haƙuri mako ɗaya. Kana haƙuri lokaci na tafiya. Kotu na iya ƙara maka lokaci, amma roƙo ne, ba tabbas ba. Ka rubuta wasiƙar tuni ranar da kwana 7 suka cika, ka kuma fara magana da lauya tun a makon. Ƙungiyoyi irin su SERAP da Media Rights Agenda sun daɗe a wannan aiki, kuma buƙatar da ta fito da sunan ƙungiyar masu sayar da kati ta fi ta mutum ɗaya nauyi a idon ofis, ko da yake a idon doka daidai suke.

Kada in sa maka dogon buri. Ko ka samu takardar, bayanin zama abu ne da ma'aikaci ya tace, ba ya ɗauke da duk abin da aka faɗa, kuma rashin takarda ba hujja ba ce cewa an ci hanci. Umarnin kotu ma wani lokaci sai an sake bin sa kafin a aiwatar. Abin da na faɗa a nan bayani ne na gaba ɗaya a kan dokar tarayya; in lamarin ya kai ga shigar da ƙara, lauyan da zai riƙe takardunka a hannu shi zai faɗa maka kotun da za ka je da yadda za a tsara ƙarar. Amma matakin farko ba ya buƙatar lauya, kuɗinsa bai wuce na buga shafi biyu da na aikawa ba. Ka fara da jerin ganawa da ranakunsu, domin shi ne abin da ya fi wuya a kira sirrin kasuwanci, kuma daga cikinsa za ka san zaman da ya kamata ka nemi cikakken bayaninsa a wasiƙa ta biyu.